Rigar Baturiya a Tagar Anbariyya

Ban ga Madina ba sai da na yi wata bakwai a Jidda ina wanke motocin mutane. Wanda ya yi mini hanya tun daga gida ya rantse mini cewa alkyabba zan riƙa yi wa ado da zaren zinariya a shagon wani attajiri, har ya nuna mini hoton shagon a wayarsa. Da na sauka sai aka miƙa mini bokiti da soso. Na ce da mutumin da ya ɗauke ni ai ni maɗinki ne, ya dubi hannuwana ya ce to, maɗinki ma yana da hannu biyu.

Ni Bazazzagi ne, sunana Haruna. A gidanmu allura ce gado. Mahaifina ya yi shekara hamsin yana zaune a zaure da babbar riga a kan gwiwa, ni kuma tun ina ɗan shekara tara yake bugun bayan hannuna idan ɗinki ya karkace. Ina da girman kai a kan sana'ata, ba zan ɓoye ba. Saboda haka wata bakwai ɗin nan na Jidda sabulu ya ci mini fata, baƙin ciki ya ci mini sauran. In mahaifina ya bugo waya ya tambayi aiki, sai in ce alhamdu lillahi, ana ta fama da alkyabba.

Wanda ya fitar da ni wani dattijo ne, Baba Usman, Bahaushen Sudan mai aikin guga a Madina. Ya zo Jidda gaishe da ɗan'uwansa ya tarar da ni a gindin katanga ina gyara hular wani direba. Ya karɓi hular ya juya ta ciki da waje.

"Ya zol, wa ya koya maka shugul ɗin nan?"

Na ce babana.

"Kuma kake wankin arabiyya? Haram alaik."

Shi ya yi ta kai da kawowa har aka mayar da iƙamata, wato takardar zama, hannun wani Balarabe mai shagon ɗinki ana ce masa Abu Faisal. Ban san dattijon nan ba, bai san ni ba, bai kuma taɓa goranta mini ba. Ranar da motarmu ta shigo gari na hango koriyar ƙubba, na yi kuka kamar yaro, har wani Bamisire da ke kusa da ni ya ba ni ruwa.

Ɗakinmu yana unguwar Al-Sih, a saman wani tsohon bene, ni da Baba Usman. Rabin rufin ɗaki ne, rabi fili ne inda ake shanya. Da zafi kwanon kan yi kamar tanda, da hunturu kuma sanyin Madina ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya kama mutum a ƙashi. Baba Usman kan dafa miyar kuɓewa busasshiya irin ta mutanen Sudan ya ce mini wai miyar gida ce. Nakan ci in yi shiru, don ba a raina wa mai masauki miya, amma da matata Binta ta gan ta da ta yi salati.

Shagon yana Anbariyya, a wani lungu bayan masaukan baƙi. Kayan mata muke ɗinkawa, amma ba ma ganin matan. Akwai 'yar taga a bango, faɗinta bai fi kamu biyu ba, da labule a kanta. Mace takan tsaya a waje ta turo yadi, da tsohuwar rigarta ko awonta a takarda, wani lokaci da hoton abin da take so. Hannu kawai muke gani, shi ma sau da yawa cikin safa. Ba a doguwar magana a tagar nan. Tela mai yawan tambaya ko dai bai iya aiki ba ne, ko kuma yana da wata manufa, duka biyun kuwa suna iya rufe shago.

Mu biyu ne a ciki, ni da Shafiƙ, mutumin Bangaladesh. Ɗan siriri ne mai tari, amma in ya hau keke sai ka ce ruwan sama a kan kwano. Kafin in gama kalmasa abaya ɗaya ya gama uku. Shekara tara na yi a shagon nan ina rage tsawon abaya, ina canza zif, ina buɗe rigunan matan da suka yi ƙiba suka ce yadin ne ya tsuke. Allurar hannu kuwa sai dai in maɓalli ya faɗi.

Duk da haka ban so barin Madina ba. Da abin da nake aikawa Binta take riƙe da 'ya'yanmu huɗu da tsohona, wannan ɗaya ke nan. Na biyun kuma, wanda ya saba sallar Asuba a masallacin Manzon Allah ya san abin da nake nufi. Na riga na sa a raina a nan zan tsufa, in Allah ya so ni da rahama a kai ni maƙabartar Baƙi'a.

A shekara ta tara aiki ya yi ƙasa. Mata suka koma sayen kaya ɗinkakku ta waya, mota ta kawo musu har ƙofar gida. Mukan wuni labulen tagar bai motsa ba. Wata Alhamis Abu Faisal ya zo, ya zauna a kan kujerar Shafiƙ, ya daɗe yana jan carbi. Ba mugun mutum ba ne, sai dai bai iya kwana-kwana ba.

"Ya Harun, shagon nan tela ɗaya zai iya ɗauka. Iƙamarka saura wata biyu ta ƙare, ta Shafiƙ saura uku. Ɗaya zan sabunta. Ban yanke ba tukuna."

Da ya fita ni da Shafiƙ muka kasa haɗa ido. Shekara tara muna cin shinkafa a faranti ɗaya, ranar kowa ya ce ba ya jin yunwa. Na san lissafin da Abu Faisal zai yi, kowa ma ya sani. Mai shago ba zai ajiye mai tafiyar hawainiya ya sallami mai gudu ba.

Kwana huɗu bayan haka aka ɗaga labulen taga, aka turo wani littafi mai kauri da ƙunshin yadi. Muryar mace ce, ba yarinya ba, ta yi sallama da Larabcin mutanen gari. Ta ce ita malama ce a wata kwalejin mata, tana koyar da tarihin sutura, ɗalibanta za su yi baje koli a ƙarshen zango. Tana son a ɗinka mata rigar da ke shafin da ta sa wa alama, za a sa wa mutum-mutumi. In ta yi kyau, duk ɗinkin kwalejin nan shagon za a riƙa kawowa.

Na buɗe shafin. Ban san lokacin da na ce da Hausa, "Ikon Allah, wannan kuma wace irin amarya ce?" ba.

Sai na ji dariya a bayan labule. Ashe ta ji. Ta ce kakanta daga Katsina ya taho da ƙafa, ya shekara bakwai a hanya, a nan aka haifi ubanta. Tana jin Hausa sarai, bakin ne ba ya juyawa. Daga nan na riƙa yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci, Shafiƙ yana kallonmu ni da labule kamar mun haukace. Ta ce littafin daga Ingila ta taho da shi lokacin da take karatu, hotunan matan ƙasar ne na kusan shekara ɗari huɗu da suka wuce. Yadin ma daga can ne, siliki mai nauyi, kuma iyakarsa ke nan, babu irinsa a kasuwar Madina.

"Zayyas-sura bizzabt, ya mu'allim," in ji ta. Kamar hoton nan daidai. Kada in ƙara, kada in rage.

Na ce, "An gama, Daktora." Ta ce in riƙe littafin, nan da kwana arba'in za a buɗe baje kolin. Hannun ya janye, labulen ya sauka.

Da yamma na tafi da littafin gida, muka baje shi a kan tabarma ni da Baba Usman. Ni a sanina matan Turawa ba sa son yadi, sai ga waɗannan kowace ta sha tufafi har ƙasa, ko idon sawu ba ka gani. Babu launi a hotunan, baƙi ne da fari. Wata ta sa doguwar hula mai faɗin baki kamar malafa. Wata ta naɗe kafaɗunta da farin ƙyalle mai leshi a baki, ta soke shi a ƙirji. Wata da alama talaka ce, tana riƙe da kwandon kasuwa, ta ɗora takalminta a kan wani katako mai zoben ƙarfe a ƙasa, ina jin saboda taɓo. Akwai wadda ta yi shigar sanyi, ta cusa hannuwanta biyu a wata jakar gashin dabba mai baki biyu, ta rufe goshi da hanci da baƙin ƙyalle ta bar baki da haɓa a waje.

Baba Usman ya daɗe a kan wannan.

"Miskina. Ta sa niƙabi a juye, ba wanda ya gaya mata."

Tawa ita ce ta fi su duka. Tana tsaye ta ɗan juya gefe, gashinta ya sauko a nannaɗe ta gefen kunnuwa, da tsakiyar lu'ulu'u ƙwaya ɗaya da wani siririn abin wuya. Wuyan rigar faffaɗa ne, an kewaye shi da leshi mai haƙora. Ƙirjin a miƙe yake ƙyam kamar an sa allo a ciki, ya tsuke a ƙugu. Hannuwan sun kumbura kamar tulu suka tsaya a gwiwar hannu, nan ma da leshi. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuma yadi ne ya zubo, ninki a kan ninki, tana riƙe da gefe ɗaya da yatsu biyu. A kan wannan yadin idona ya tsaya. Tun daga ƙugu har ƙasa layuka ne sirara, dubbai, wasu a jere, wasu sun gitta juna kamar raga. A cikin ninki sun yi kauri sun matsu, a bayan ninki sun yi siriri har su ɓace su bar fari tas.

To, a nan sai na yi bayanin yadda muke aiki a gida, in ba haka ba za a ɗauka hauka na yi. A Zariya maɗinki ba ya ƙirƙiro ado. Akwai mai zane, yawanci malami ne, shi ake kai wa riga ya ɗauki alƙalami da tawada ya zana aska da tambari a jikin yadin. Daga nan a kawo wa mai allura. Aikinka shi ne ka bi duk layin da aka ja, ka rufe shi da zare. Ba ka tsallake ko ɗaya, ba ka kuma aika a tambayi mai zane me yake nufi, don yin haka zubar da mutuncin gidanku ne. A wurinmu in an ja layi a jikin riga, an ce ka ɗinka ne.

Na ce, "Baba, ka ga aikin hannu? Mutanen nan sun san allura."

Ya sa tabarau ya matso da fuskarsa.

"Ɗan Zariya, anya? Ga shi har a wuyanta akwai 'yan layuka. Shi ma ɗinka shi aka yi?"

Na ce ƙila tsagar gidansu ce. Ya yi dariya har da tari, sa'an nan ya ce, "Wallahi ni dai da ka tambaye ta. Su'al ba aibi ba ne."

Ban tambaya ba. Ba ni da lambarta, tana wurin Abu Faisal, kuma in je in ce masa ban gane hoto ba alhali yana auna ni da Shafiƙ? Wannan shi ne dalilin da na ba Baba Usman. Na gaskiyar kuwa, so nake layukan nan su zama ɗinki. In riga ce kawai ta yanka da haɗawa, Shafiƙ zai yi ta cikin kwana biyu. In kuwa aikin allura ne, duk Anbariyya ba mai iya shi sai ni. Na ga iƙamata a cikin layukan nan, daga nan kuma ban sake ganin komai ba.

Yanka da haɗin jiki a shago na yi su. Hoton bai nuna baya ba, na yi ta juya shafuka har na sami wata matar da ta ba da baya, na ga igiya ce ake zargewa. Ƙirjin na sa masa yadi mai tauri ninki uku da siraran sandunan roba har ya tsaya da kansa. Hannuwan suka ƙi kumbura sai da na yi musu ciko daga ciki. Shafiƙ ya taya ni riƙe leshi ina tsara wuyan, ya ce, "Ustaz, kwayyis," wato ya yi kyau. Ƙasan rigar kuwa na naɗe shi na tafi da shi gida, na ce masa guga za a yi. Ban so ya gani ba. Ina jin kunyar wannan har yau.

Na sayi zaren alharini ruwan toka kala uku, daga mai haske zuwa mai duhu, da gilashin ƙara girman rubutu. Idona ba ya son hasken lantarki, saboda haka da na dawo daga Asuba sai in zauna a filin rufi in jira gari ya waye, in yi ta yi har lokacin buɗe shago. Ranar Juma'a kuwa har azahar. Nakan ɗora gilashin a kan hoton in ƙirga layukan ninki ɗaya, in auna, in mayar da su kan yadin da alli mai kaifi, sa'an nan in bi da allura. Silikin santsi gare shi kamar kifi, in ka ja zare da ƙarfi ya tattare, in ka sassauta ya yi kumbo.

Ba zan yi ƙarya ba, kwanakin nan su ne mafi daɗi da na yi a ƙasar nan. Yatsuna suka tuna abin da suka sani. Tattabarun unguwa suna sauka a kan katanga, Baba Usman yana kawo mini shayi da na'ana'a ya ajiye nesa da yadin. Na fara yi wa matar hoton magana, ina ce mata Hajiya Baturiya. Nakan ce, Hajiya, wanda ya yi miki rigar nan ya makance ko kuwa? Na riƙa tausayin wannan maɗinkin da ban sani ba, ina jin kamar ɗan'uwana ne, shi a ƙasar sanyi ni a ƙasar zafi. Ranar da mahaifina ya bugo na ce masa, "Baba, ina kan wani aiki, da kana kusa da ka sa mini albarka." Karo na farko ke nan cikin shekara tara da na gaya masa gaskiya game da aiki. Ya ce kada in yi gaggawa a wurin lanƙwasa.

Kwana talatin da huɗu na yi. Idona na hagu ya fara ganin abu biyu-biyu, ban damu ba. Da na haɗa rigar na rataye ta, Baba Usman ya tsaya a gabanta ya ce, "Ma sha Allah. Kamar hoton ne ya sauko." Ya goge ta da hannunsa, ta bayan yadi, ya ƙi bari in taɓa.

Gidan Daktora yana wajen Ƙiblatain. Abu Faisal da kansa ya ɗauke ni a mota, yana ta fara'a, don bai buɗe jakar da na sa rigar ba. Maigidanta ya shigar da mu ɗakin baƙi, aka kawo gahawa da dabino, aka shiga da rigar ciki. Na zauna a bakin kujera ina jiran in ji guɗa, ko abin da Larabawa ke yi a madadinta.

Guɗa ba ta zo ba. Na sha gahawa kofi uku. Sa'an nan na ji takun mutum ya tsaya a bayan ƙofar da ke tsakaninmu da cikin gida.

"Ya mu'allim," in ji ta. "Mene ne wannan a jikin yadin?"

Na ce, "Adon ne, Daktora. Duk na bi, ko ɗaya ban tsallake ba."

A hankali ta yi mini bayani, yadda ake gaya wa mutum rasuwa. Ta ce a zamanin da aka yi hotunan nan babu na'urar ɗaukar hoto. Mai yin su faranti yake samu na jan ƙarfe, ya ƙarce shi da tsinken ƙarfe, ya shafa tawada, ya danna a takarda. Ba shi da launi, ba shi da inuwa, layi kawai gare shi. In yana son ya nuna duhu sai ya matsa layuka, in haske yake so sai ya bar wurin fari. Rigar matar nan ba ta da ado ko na ƙwayar zarra. Siliki ne zalla, abin alfaharinta shi ne sheƙinsa. Abin da na ɗinka haske ne da inuwa.

Abu Faisal ya ajiye kofinsa. Ni kuwa na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na so ƙasa ta tsage.

"Wallahi ban taɓa ganin aikin hannu irin wannan ba," in ji ta. "Amma ba zan iya nuna wa ɗalibai shi in ce haka matan suke sawa ba. Ƙarya zan koya musu." Sai ta yi ƙoƙari ta haɗa Hausa, tana tuntuɓe a kan kalmomin. "Sannu, Baba. Ka sha wahala. Laifina ne, ban faɗa ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Saura kwana shida a buɗe baje kolin. Abu Faisal ya ce a warware. Muka koma Anbariyya. Na zauna a ƙasan shago da reza da ɗan hantsaki ina cire abin da na yi kwana talatin da huɗu ina sakawa. Shafiƙ ya bar kekensa ya zauna kusa da ni ya kama ɗaya gefen. Bai tambaye ni me ya sa na ɓoye masa ba. Kwana biyu muka yi, zaren ya taru a gabanmu kamar gashin da wanzami ya share.

Siliki ba ya yafe allura. Da muka gama muka ɗaga yadin, duk inda na bi ƙananan huji ne a jere, sheƙin ya mutu. Baba Usman ya gwada tururi, ya gwada ruwan sanyi, ya gwada duk dabarar da ya koya cikin shekara arba'in, a ƙarshe ya zauna a kan bokiti ya ce, "Ma fi faida, ɗana."

Abu Faisal ya samo wani siliki a kasuwa, bai kai na farko ba amma yana sheƙi. Shafiƙ ya yanka ya ɗinka ƙasan rigar cikin yini ɗaya da rabi, ya haɗa da saman da na yi. Ya rataye ta a ƙusa kusa da taga, ya tafi sallar walaha. Ina zaune ni kaɗai iska ta ɗaga labulen, rana ta faɗo a kan yadin. Sai ga su, layukan hoton nan. Duk inda na bi da allura, duhu a cikin ninki, fari a bayansa, har wurin da take riƙewa da yatsu biyu. Babu zare ko ɗaya. Na matsa gefe suka matsa, abin da nawa ba za su taɓa yi ba. Na daɗe ina kallo, ina jin haushin rana.

Daktora ta karɓi rigar, amma ɗinkin kwalejin bai zo ba. Na ji an ce ta bugo wa Abu Faisal har sau biyu tana roƙon kada ya sallame ni, Allah ya saka mata. Baba Usman ya zaga shagunan da ya sani daga Anbariyya har bayan gari, ko akwai mai karɓar iƙamata. Kowa ya ce yana da tela, wasu ma nasu suke neman kai wa wani. Labarin kuma ya riga ni zuwa. A wani shagon da na yi sallama sai na ji wani yana ce wa ɗan'uwansa ga mutumin da ya ɗinka inuwa.

Ran Alhamis Abu Faisal ya zo da takarda. Fita ce ta ƙarshe, wadda ba dawowa. Ya ce, "Ya Harun, kai mu'allim ne, gwanin sana'a, na sani. Amma ni shago gare ni." Na ce na gode da zaman da muka yi. Shafiƙ ya shiga banɗaki ya daɗe bai fito ba. Na bugo wa Binta na ce ina nan tafe ran Talata, ta yi murna, ta tambaya hutun na wata nawa ne. Na ce sai na zo.

Ran Litinin bayan la'asar na je yin sallama da Manzon Allah. Na bi layi tare da baƙi, Turkawa da 'yan Indonesiya da mutanenmu masu sabuwar jaka a wuya, muna tafiya taku ɗaya ɗaya. Na tsara abin da zan faɗa tun daga gida, amma da na iso gaban ƙarfen nan mai ruwan zinariya da ke kewaye da kabarin komai ya gudu. Na yi sallama, na tsaya, ban wuce ba.

Askarin da ke tsaye a wurin ya miƙo hannu ya taɓa kafaɗata.

"Yalla ya hajji, harrik. Wuce, wuce."

Shekara tara ina jin wannan maganar, kullum ina cewa a raina da baƙi ake, ni gobe ma zan dawo. Na duba bayana ko da wani yake. Da ni yake. Na ɗauki takalmana na bi ƙofar da baƙi ke fita.